Dutsen Bohan: ina ruwan ɗan Ra'ubainu da iyakar Yahuza da Biliyaminu?

Rifkatu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Karatun wannan mako ya kawo mu Joshuwa sura 15, kuma aya ta 6 ta tsaya mini a rai. Ana lissafin iyakar arewa ta kabilar Yahuza, sai aka ce iyakar ta hau zuwa dutsen Bohan ɗan Ra'ubainu. Na leƙa 18:17, wajen iyakar Biliyaminu, ga dutsen nan kuma. To Ra'ubainu dai a hayin Urdun aka ba shi rabonsa, can gabas. Me ya kawo sunan ɗansa tsakanin ƙasar Yahuza da ta Biliyaminu? Wanene ma Bohan ɗin?

Habila:
Yaya Rifkatu, ashe har waɗannan surorin kike bi aya-aya? Ni da na kai sura 13 sai in yi tsalle in dira a 22. Sunayen garuruwa ne zalla, ba yaƙi ba wa'azi.

Baba Dauda:
Habila, abin da Ubangiji ya sa aka rubuta ba a tsallake shi. Rifkatu, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya.

Fasto Yohanna:
Bari mu fara da abin da ke hannu. Sau biyu kacal aka ambaci Bohan a dukan Littafi Mai Tsarki, ayoyin nan biyu da 'yar'uwa ta kawo. 'Ya'yan Ra'ubainu kuwa huɗu aka lissafa: Hanok, Fallu, Hesruna da Karmi. Haka yake a Farawa 46:9, haka a Fitowa 6:14, haka a Littafin Ƙidaya 26, haka a 1 Tarihi 5:3. Babu Bohan a ciki. Saboda haka yawancin masu fassara suna ɗaukar cewa jika ne ko tattaɓa kunne, wato mutumin kabilar Ra'ubainu, kamar yadda ake ce wa dukan al'ummar 'ya'yan Isra'ila.

Yadda sunansa ya zo wurin, nassi bai faɗa ba. Amma ku tuna da Littafin Ƙidaya 32. Ra'ubainu da Gad sun ga makiyaya mai kyau a gabas suka roƙi Musa ya bar su can saboda dabbobinsu. Musa ya yarda da sharaɗin cewa mayaƙansu za su haye tare da sauran 'yan'uwa. Joshuwa 4:12-13 ta nuna sun cika alkawari, wajen mutum 40,000 suka haye zuwa filayen Yariko. Ba abin mamaki ba ne a ce ɗayansu ya yi wata bajinta a wurin, ko ya mutu aka binne shi, dutsen ya ci sunansa.

Baba Dauda:
Yauwa Fasto. Ni ma haka aka koya mana. Jarumi ne da ya bar iyalinsa da shanunsa a hayi ya zo ya yi wa 'yan'uwansa yaƙi.

Iliya:
Baba, da girmamawa, wannan hasashe ne. Mai daɗin ji, amma hasashe. Ko kalma ɗaya ba a faɗa ba a kan yaƙin Bohan ko kabarinsa.

Baba Dauda:
Ai Fasto ma ya ce nassi bai faɗa ba. Kai kawo naka mu ji.

Malam Bitrus:
Kafin Iliya ya kawo nasa, ku bar ni in shimfiɗa muku ƙasar, don gardamar dutse ba tare da sanin inda yake ba ɓata yawu ne.

Iyakar ta tashi ne daga inda Kogin Urdun yake zuba cikin Tekun Gishiri, wuri mafi zurfi a doron ƙasa, fiye da mita 400 ƙasa da bakin teku. Daga nan ta nufi Bet-hogla, ta bi ta arewa da Bet-araba. Duk wannan fili ne shimfiɗaɗɗe, mai zafi, mai gishiri-gishiri, kudu da Yariko. Sunan Bet-hogla har yau yana nan a bakin mutanen wurin, akwai tsohon gidan sufaye da ake kira Deir Hajla. To daga wannan fili sai ƙasa ta miƙe tsaye, duwatsun jejin Yahudiya suka tare gaba. A daidai nan aka ambaci dutsen Bohan. Bayansa sai Kwarin Akor, sai Debir, sai wurin da ke fuskantar hawan Adummim, sai ruwan En-shemesh, sai En-rogel a gindin Urushalima, wadda ita kuma tana kan tudu wajen mita 750 sama da bakin teku. Ku lissafa da kanku: hawan da ya haura mita dubu cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba.

Ga abin da nake so ku lura da shi. A sura 15 mai rubutu yana tafiya daga gabas zuwa yamma, sai ya ce iyakar ta hau zuwa dutsen. A sura 18 yana dawowa daga yamma zuwa gabas, sai ya ce ta gangara zuwa dutsen. Layi ɗaya ne aka bi sau biyu, tafi da dawowa. Wanda ya rubuta haka ya san wurin da ƙafarsa. Kuma wannan yana gaya mana dutsen yana tsakanin fili da tudu, wato a bakin hawa, inda mai tahowa daga kowane ɓangare zai hango shi.

Sai kuma maganar nisa. Muna cewa Ra'ubainu yana hayi kamar wata uwa duniya ce. Joshuwa 13:15-23 ta ba shi Medeba, Heshbon, gangaren Fisga da Bet-yeshimot, ta kuma ce Urdun ne iyakarsa. Bet-yeshimot tana gab da kusurwar arewa maso gabas ta Tekun Gishiri. Mutumin da ya tsaya a gindin duwatsun yamma yana kallon tsaunukan Ra'ubainu ƙuru-ƙuru. Makiyayi zai iya haye mashigi da safe ya kwana a wancan gefe. Maƙwabta ne na kusa.

Rifkatu:
Malam, na gode. Wannan hawa da gangara ban lura da shi ba sam.

Habila:
Adummim ɗin nan ba ita ce hanyar Basamariye mai kirki ba?

Malam Bitrus:
Ita ce, Habila. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ta nan take bi, duwatsun wurin ja-ja ne. Akwai tsohon masauki a kan hanyar da ake dangantawa da misalin da Yesu ya bayar a Luka 10. Ka ga surar da kake tsallakewa ta kai ka Sabon Alkawari.

Iliya:
To ga nawa, kuma kashi biyu ne.

Na farko gajere ne. Sunan Bohan a Ibrananci ya yi kusa ƙwarai da sunan babban yatsa. Shi ya sa wasu masana suke ganin asali dutse ne na halitta mai siffar yatsa, daga baya aka ɗauka sunan mutum ne. Wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Charles Clermont-Ganneau, a ƙarni na 19 ya nuna wani dutse da makiyayan Larabawa suke kira Hajar al-Asba', dutsen yatsa, a arewa maso yammacin Tekun Gishiri, ba nisa da Kumran inda aka tsinci naɗaɗɗun littattafai a 1947. Ba kowa ya yarda da shi ba, har yau ba a tsayar da magana ɗaya a kan wurin ba.

Na biyu shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Ko da dutsen yatsa ne, me ya sa aka liƙa masa Ra'ubainu, ba Yahuza ba, ba Biliyaminu ba? Ruwa ba ya tsami banza. Ku koma kan sunayen da Fasto ya kawo. Biyu daga 'ya'yan Ra'ubainu su ne Hesruna da Karmi. Yanzu ku buɗe zuriyar Yahuza. Hesruna yana nan, ɗan Feresa, shi ne kakan gidan Dauda a Rut 4:18. Karmi ma yana nan, shi ne mahaifin Akan a Joshuwa 7:1. Akan kuwa ina aka jajjefe shi aka tsiba masa duwatsu? Kwarin Akor, wurin da aka ambata nan da nan bayan dutsen Bohan. Wannan ne ya sa wasu masana suke ganin akwai lokacin da wasu gidajen Ra'ubainu suka zauna yamma da Urdun, a daidai wannan yanki, sannu a hankali Yahuza ta haɗiye su, sai sunan dutsen kawai ya rage yana ba da shaida.

Baba Dauda:
Kai yaro! Yanzu Akan ɗin ma za ka ƙwace shi daga Yahuza ka ba Ra'ubainu? Nassi ya ce Akan ɗan Karmi ɗan Zabdi ɗan Zera na kabilar Yahuza. Da kuri'a aka zaƙulo shi, kabila-kabila, gida-gida. Mene ne bai fito fili ba a nan?

Iliya:
Ban ƙwace shi ba Baba. Cewa na yi sunayen dangi iri ɗaya sun bayyana a kabilu biyu, kuma a yanki guda.

Mama Saratu:
Iliya ɗana, a zauren nan kaɗai Yohanna nawa ne? Don an sami Karmi biyu sai ya zama gida ɗaya?

Habila:
Mama ta gama magana.

Iliya:
Mama, in da suna ɗaya ne da na yi shiru. Biyu ne daga cikin huɗu, ga kuma dutse mai sunan kabilar a bakin kwarin. Kuma waɗannan ba sunayen mutane ne kawai ba, Littafin Ƙidaya 26:6 ta mai da su sunayen iyalai, iyalin Hesruna da iyalin Karmi.

Ku duba kuma yadda Ra'ubainu ya dushe. Shi ne ɗan fari, amma bai fitar da alƙali ko sarki ko ɗaya ba. A ƙidaya ta farko mutum 46,500 ne, a ta biyu 43,730. Albarkar da Musa ya sa masa a Maimaitawar Shari'a 33:6 ma roƙo ne kada ya mutu ya ƙare. A waƙar Debora, Littafin Mahukunta 5, ana yi masa gori cewa ya zauna cikin garken tumaki yana ta tunani alhali ana yaƙi. Sannan akwai dutsen Mesha sarkin Mowab, wanda aka samu a Diban a 1868, rubutun ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. Mesha yana fahariyar garuruwan da ya ƙwace daga Isra'ila a wannan yanki, har da Nebo, ya ambaci mutanen Gad, amma bai ambaci Ra'ubainu ba. Kabilar da ke narkewa cikin maƙwabta haka, ba wuya wasu gidajenta su ƙare a cikin Yahuza.

Fasto Yohanna:
Iliya, hujjojinka na dushewar Ra'ubainu gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma ka lura, kai ma abin da ka zargi Baba da shi ka yi. Daga "ba wuya" ka gina gida. Kuma 1 Tarihi 5:26 ta nuna Ra'ubainawa suna nan a gabas har Tiglat-filesar na Assuriya ya kwashe su. A zamanin Dauda ma akwai Adina ɗan Shiza, shugaba cikin Ra'ubainawa, a jerin jarumawansa, 1 Tarihi 11:42. Ba su ɓace da wuri kamar yadda kake nunawa ba.

Iliya:
Na yarda duka biyun hasashe ne, Fasto. Bambancin shi ne nawa yana da sawu a cikin nassi, na jarumin ba shi da ko ɗaya.

Baba Dauda:
Mutum 40,000 da suka haye ba sawu ba ne?

Mama Saratu:
Ku maza kuna ta neman mai dutse. Ni abin da na gani daban ne, kuma ba a littafi na koye shi ba. Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gonar gado ya san ba a kafa shaidar iyaka da abin ɗaya daga cikin masu rabo. In gamba ce ko itace, wanda ya daɗe ake nema, wanda kowa ya buɗe ido ya gani, ba wanda wani ya dasa jiya ba. In kuma mutum za a kira, ba a kiran ɗan ɗakin wannan ko na wancan. To ga Yahuza, ga Biliyaminu, ɗaya ɗan Lai'atu, ɗaya ɗan Rahila, 'yan uba ke nan. Dutsen da ke tsakaninsu ba ya ɗauke da sunan ko ɗayansu. Ba-yahuje ba zai ce kakana ne ya kafa ba, Ba-biliyamine ma haka. Ko ma yaya sunan ya samo asali, ya yi musu rana.

Rifkatu:
Mama, wannan ta shige ni.

Habila:
Amma Mama, Ra'ubainu ai ɗan Lai'atu ne shi ma. Uwa ɗaya uba ɗaya da Yahuza. In shaida ne, ɗan ɗakin Yahuza aka kira.

Mama Saratu:
Ja'iri. Ashe kana karatu. To amma wanene ya hana a kashe Yusufu ɗan Rahila a Dotan? Wanene ya ce wa Yakubu a kashe 'ya'yansa biyu in bai dawo da Biliyaminu daga Masar ba? Je ka duba Farawa 37 da 42. Babban wa ne, kuma ba shi da ko taki ɗaya a wannan gefen kogi.

Malam Bitrus:
Maganar Mama ta taɓo wani abu da ya kamata a bambance. Akwai dutsen da aka kafa don iyaka, akwai kuma dutsen da iyaka ta tarar. Na farko shi ne irin tsibin da Yakubu da Laban suka tara a Farawa 31, suka ce kada wani ya ƙetare shi da mugun nufi. Irinsa ne kuma ƙananan duwatsun gona da Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana a matsar, har 27:17 ta la'anci mai matsarwa, jama'a duka su ce amin. A ganina na Bohan ba ya cikin wannan. Ku duba abokan tafiyarsa a jerin: maɓuɓɓuga, kwari, hawa, ƙwanƙolin dutse, bakin teku. Ba abin da mutum zai ɗauka da dare ya gusar. An riga an san shi da sunansa kafin a zo rabo, shi ya sa ba a tsaya yin bayaninsa ba. Mai rubutu ya ɗauka duk mai sauraro ya san dutsen Bohan.

Duwatsun iyaka masu rubutu an same su a ƙasar, amma na baya-baya ne. Shi wannan Clermont-Ganneau da Iliya ya ambata ya gano wasu a kewayen Gezer, an sassaƙa a jikin fa cewa nan ne iyakar Gezer, da Ibrananci, tare da sunan wani mutum da Helenanci. Zuwa yanzu an sami fiye da goma. Sai dai na kusa da zamanin Sabon Alkawari ne, ɗaruruwan shekaru bayan abin da muke magana. A Babila kuwa tun da daɗewa suna da duwatsun kyautar ƙasa da ake cika su da la'ana a kan duk wanda ya taɓa. Matsar da iyaka tsohon ciwo ne a duk yankin. Ayuba 24:2 ya sa masu yin haka a layi ɗaya da ɓarayin garke, Yusha'u 5:10 kuma ya kwatanta shugabannin Yahuza da su.

Fasto Yohanna:
Kuma dalilin zafin dokar shi ne ƙasar ba ta sayarwa ba ce har abada, Littafin Firistoci 25:23, ta Ubangiji ce. Littafin Ƙidaya 36:7 ta hana gādo ya tashi daga wata kabila zuwa wata. Nabot, wanda ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar gādonsa, ransa ya bayar a kan wannan. Habila, surorin da kake tsallakewa takardun fili ne. A Joshuwa 18 an zaɓi mutum uku-uku daga kabilun, suka zaga ƙasar suka rubuta ta gari-gari kashi bakwai, suka kawo Shilo aka jefa kuri'a. Ga wanda yake da gona a En-shemesh, aya ta 17 ta fi masa labarin faɗuwar Yariko amfani ranar da rigima ta tashi.

Iliya:
Tunda an zo nan, bari in ƙara jagula lissafin. Takardun filin ba su daidaita ɗari bisa ɗari ba. A 15:7 wurin da ke fuskantar Adummim Gilgal ne, a 18:17 Gelilot ne. Bet-araba an lissafa ta cikin garuruwan Yahuza a 15:61, an sake lissafa ta cikin na Biliyaminu a 18:22. Babba kuma ita ce Urushalima. Layin ya bi ta Kwarin Hinnom, kudu da birnin, wato birnin ya faɗa Biliyaminu, 18:28 ma ta sa shi cikin garuruwansu. Amma 15:63 ta ce mutanen Yahuza ne suka kasa korar Yebusiyawa daga Urushalima, Littafin Mahukunta 1:21 kuma ta faɗi magana kusan iri ɗaya a kan Biliyaminu. Wani Bajamushe, Albrecht Alt, tun shekarun 1920 ya kawo ra'ayin cewa bayanin iyakoki tsoho ne, amma jerin garuruwan Yahuza ya fito daga tsarin gundumomin mulki na zamanin sarki Yosiya, aka haɗa su wuri ɗaya. Wasu sun ja lokacin baya, wasu gaba, amma da yawa sun karɓi cewa rubutu ne na zamani fiye da ɗaya.

Baba Dauda:
Kullum sai ka kawo mana Bature. Garin da ke bakin iyaka, mutanen ɓangare biyu suna zaune a ciki, mene ne abin mamaki in kowa ya lissafa shi? Ba sai an tashi Bajamushe daga kabari ba.

Malam Bitrus:
Baba yana da hujja a kan Bet-araba da Urushalima. Malaman Yahudawa na dā ma sun ga wannan matsala, ba su kauce mata ba. A Talmud, littafin koyarwar waɗannan malamai, an ce iyakar ta ratsa harabar Haikali kanta: wani sashe a rabon Yahuza, Wuri Mai Tsarki a rabon Biliyaminu. Kuma ku tuna, birnin bai shiga hannun kowa daram ba sai da Dauda ya ci shi a 2 Sama'ila 5. Mutumin da ya yi shekara bakwai da wata shida yana mulki a Hebron, tsakiyar Yahuza, ya tashi ya koma birnin da ke kan layi tsakanin kabilarsa da kabilar Saul. Wannan siyasa ce ta mai hankali.

Amma Iliya ma bai yi ƙarya ba a kan Gilgal da Gelilot. Gilgal da muka sani, inda aka kafa duwatsu 12, tana filin Yariko a ƙasa. Wadda ake nufi a 15:7 tana sama, daura da Adummim. Ko dai wata Gilgal ce daban, ko kuwa wuri ɗaya ne mai suna biyu.

Rifkatu:
To wai iyakar ta yi aiki kuwa? An taɓa faɗa a kanta?

Fasto Yohanna:
Ba a ba da labarin faɗa a kan wannan layi kansa ba. Gaba tsakanin gidajen biyu dai an yi, gidan Saul da gidan Dauda sun daɗe suna yaƙi, kuma Shimai da Sheba ɗan Bikri da suka tayar wa Dauda duk mutanen Biliyaminu ne. Amma da mulki ya rabu bayan Sulemanu, 1 Sarakuna 12:21 ta nuna Rehobowam ya tara Yahuza da Biliyaminu wuri ɗaya. Daga ranar iyakar da ake zubar da jini a kanta ta koma arewacin Biliyaminu. Can ne Ba'asha sarkin Isra'ila ya gina Rama don ya toshe hanya, Asa sarkin Yahuza kuma ya sa aka kwashe duwatsun da katakon ya gina Geba da Mizfa. Layin dutsen Bohan ya zama na cikin gida. Wataƙila shi ya sa ba a sake jin sunansa ba bayan littafin Joshuwa.

Iliya:
Sauran alamomin kuwa sun ci gaba da fitowa. A En-rogel Jonatan ɗan Abiyata da Ahimawaz, 'yan saƙon Dauda, suka ɓuya suna jiran labari lokacin tawayen Absalom. A nan kuma Adonija ya yi yankansa kusa da wani dutse mai suna Zohelet, da ya so ya naɗa kansa sarki. Rijiyar tana nan har yau, ana kiranta Bir Ayyub. Kiriyat-yeyarim, wadda ita ma tana kan wannan iyaka, ta riƙe akwatin alkawari shekara 20. Kwarin Hinnom kowa ya san abin da ya zama, wurin ƙona 'ya'ya hadaya ga gumaka. Bohan ne kaɗai ya yi shiru, don yana jeji inda ba gari.

Baba Dauda:
Ko kuma don aikinsa ke nan, ya tsaya inda aka san shi.

Habila:
Tambaya ta ƙarshe daga ɗalibin baya. Bagaden da Ra'ubainu da Gad suka gina a bakin Urdun a sura 22, wanda ya kusa jawo yaƙi, ba shi ne dutsen Bohan ba? Ga Ra'ubainu, ga dutse, ga Urdun.

Iliya:
Habila, ba wauta ka yi ba. A 22:10 an ce sun gina shi a Gelilot ta Urdun, ko yankin Urdun, ya danganta da juyin da ke hannunka, sunan nan dai da ke gab da dutsen Bohan a 18:17. Kuma dalilinsu shi ne tsoron kada jikokin mutanen yamma su ce wa nasu Urdun iyaka ce, ba ku da rabo a wurin Ubangiji. Wato su ma sun so su bar alama da za ta hana a manta da su.

Fasto Yohanna:
Amma wancan bagade ne babba da kabilu biyu da rabi suka gina, a bakin kogi, aka kuma sa masa suna shaida. Wannan dutse ne guda mai sunan mutum ɗaya, a bakin hawa, kilomitoci daga ruwa. Kada mu haɗa su don kawai sun yi kama.

Malam Bitrus:
Ina bayan Fasto a nan. Gelilot ta 18:17 tana fuskantar Adummim, can sama. Ba a ganin bakin Urdun a matsayin daura da Adummim.

Iliya:
Ban ce abu ɗaya ba ne. Na ce sau biyu ke nan ana samun sawun Ra'ubainu a wannan kusurwa.

Baba Dauda:
Sau biyu, kuma duka biyun bayan sun haye yaƙi. Ka dawo kan maganata ba ka sani ba.

Iliya:
Baba, ban dawo ba.

Fasto Yohanna:
Dare ya yi, gobe akwai sujada da sassafe. Ranar Litinin sura 16 da 17, rabon Ifraimu da Manassa. Malam Bitrus, a taimaka mana da taswira in akwai, musamman daga Betel zuwa Bet-horon da Gezer. Rifkatu, ki shirya mana 17:3-6, maganar 'ya'yan Zelofehad mata biyar da suka je gaban Ele'azara da Joshuwa neman gādonsu. Habila, kai za ka karanta 16:1-10 da murya ka turo, duk sunayen, ba tsalle.

Habila:
Fasto, akwai wani Mikmetat a aya ta 6. A yi mini addu'a.